Ranar da Na Sa wa Jirgi Kwalli a Gaban Surukina

Ba zan taɓa mantawa da yammacin da na durƙusa a gaban mutumin da nake neman auren 'yarsa, da gemuna da komai, ina kukan jirgin sama da bakina ba. Har yau in abin ya faɗo mini a rai, ko a ofis nake, sai in ji kunnuwana sun ɗau zafi, in sunkuya kamar mai neman biro a ƙarƙashin tebur. Amma bari in faro muku daga tushe, kada ku yanke mini hukunci tun ban kare kaina ba.

Ni ma'aikacin gwamnati ne a nan Bauchi, kuma a lokacin ina zaune ni kaɗai a ciki da falo da na kama haya a Gwallameji. An san ni da kamun kai. Ba na zaman majalisa, ba na gardamar ƙwallo, in an tashi daga aiki sai gida. Abin da mutane ba su sani ba shi ne abin da nake yi in na turo ƙofa. Jirage nake haɗawa. Ƙanana ne na roba, tsawonsu bai wuce kamu ɗaya da 'yan yatsu ba, suna zuwa a kwali gutsi-gutsi, kai ne za ka zauna da gam da haƙuri ka haɗa su, sannan ka yi musu fenti. Tun muna yara nake da wannan ciwo, zamanin da muke yin mota da jirgi da kara da gwangwanin madara. Sa'o'ina duk suka girma suka bari, ni kuwa na girma na samu albashi.

Wani abokina da ya je kwas waje ne ya kawo mini na farko, da zolaya ma ya kawo shi, bai san tsohon ciwo ya tono ba. Daga baya na gano yadda ake odarsu ta waya, a sako mini a mota daga Legas.

To haɗawa da fenti ba su ne suka jefa ni a uku ba. Tsufarwa ce. Masu wannan harka ba sa barin jirgi fes yana ƙyalli kamar na shagon kayan wasa. Jirgi na gaske, wanda ya sha aiki, yana da baƙin hayaƙi a bayan salansa, da zirin mai a ƙarƙashin inji, da wurin da fenti ya ɓare saboda takun matuƙi, da ƙura a tayoyi. Sai ka gama fentinka tsaf, ya bushe, sannan ka dawo ka ɓata shi da gangan, a hankali, har sai mai kallo ya rantse jirgin nan ya yi shekaru yana tashi. (Na san yadda wannan magana ke sauka a kunnen mai hankali. Ni ma da wani ne ya ba ni labari, da addu'a zan yi masa.)

Waɗanda nake kallo a waya suna da wata hoda ta musamman ta yin wannan aiki. Na zaga Bauchi, daga masu fenti zuwa masu kayan zane, babu wanda ya taɓa jin labarinta. Wani mai fenti ma ya ce in tsatsa nake so in ajiye abin a waje damina guda, kyauta zan samu. Ina cikin wannan nema, wata rana na je gidan yayata na tarar ta baje kayan kwalliyarta za ta biki. Idona ya sauka a kan wannan hoda mai gida-gida da mata ke shafawa a fatar ido. Ga ruwan ƙasa, ga toka-toka, ga wani ja mai duhu, tsatsa sak. Na dangwala da yatsa na murza, sai na ji kamar an yi mini bushara. Daga nan ido ya buɗe. Kwalli ya zama hayaƙin salansa. Jagira ta zama zirin mai. Ruwan goge jan farce ya zama na wanke burushi. Shi kansa burushin hodar mata, wallahi babu abin da ya kai shi laushi a jikin fiffike.

Haka na zama ɗan gida a shagon Mama Ngozi, wata mai sayar da kayan kwalliya a kasuwa, mace mai fara'a wadda ta daɗe a Bauchi. Ni kuwa ba na sayen kaya a makance. Sai in shafa a bayan hannuna, in fita rana in duba, in dawo in ce wannan ya cika ƙyalƙyali, a ba ni mai duhu. Matan da na tarar a shagon sukan matsa su ba ni wuri, ni a wautata na ɗauka ladabi ne. Sau ɗaya Mama Ngozi ta tambaye ni ko na madam ne. Na ce mata babu madam tukuna, nawa ne. Ta gyaɗa kai, ta ƙara mini soson hoda kyauta.

Ana haka Allah ya haɗa ni da Sakina. Malamar firamare ce, gidansu a Gwallaga, mahaifinta Alhaji ɗan kasuwa ne mai sayar da shadda. Ba zan cika ku da bayani ba, ina sonta, irin son da ke sa mutum ya goge takalmi sau biyu kafin ya fita. Na gaya mata komai game da ni, har faɗuwar da na yi a jarrabawa sau ɗaya, ban da jirage. Na so in faɗa. Ranar da na shirya faɗa ɗin, sai ta riga ni da labarin mijin ƙawarta da ke kwana buga wasa a waya, ta ce, “Babba da shi, kamar wani yaro. Ni kam ba zan iya ba.” Na yi dariya tare da ita, na haɗiye maganata, na ce a raina sai bayan biki.

Magabatana suka je suka gabatar da ni. Alhaji ya karɓe su hannu biyu, ya ce a ba su ɗan lokaci su yi bincike kamar yadda aka saba, in an gama sai a zo a sa rana. Aka ɗora binciken a kan Kawu Inuwa, ƙanin mahaifiyar Sakina, tsohon ma'aikaci da ya yi ritaya ya rasa abin yi. Ni kuwa na miƙe ƙafa. Me za a gano? Ba na sha, ba na yawo, limamin unguwarmu ya san fuskata a sahun gaba. Har tausayin Kawu Inuwa na ji, bawan Allah zai ƙona mai a banza.

Sai shiru. Lokacin da aka ce za a neme mu ya zo ya wuce. Sakina da muke raba dare muna hira a waya ta koma “lafiya lau” da “to”. Na je zance aka ce ba ta jin daɗi. Rannan ta kira ni da kanta, muryarta a dashe, ta ce, “Don Allah ka gaya mini gaskiya, akwai wata ne?” Na rantse mata babu. Ta ce ita ma ba a gaya mata komai ba, Kawu dai ya dawo ya shiga wajen Baba sun daɗe, daga nan aka ce kada ta ƙara fitowa wurina sai an zauna. Ta kashe waya tana kuka. A nan ne tsoro ya kama ni na gaske. Na zauna na tuna duk laifin da na taɓa yi tun daga firamare, ban ga wanda ya isa ya raba ni da ita ba, kuma ga shi ana shirin raba ni da itan.

Washegari Baffa, ƙanin marigayi mahaifina wanda shi ne waliyyina, ya kira ni ya ce in same shi a gidan Alhaji bayan la'asar. Na ce, “Baffa, me na yi?” Ya ce, “Kai za ka gaya mana.”

Na same su a falon Alhaji na waje. Alhaji na kan kujera kusa da taga, sanye da farar shadda, irin wadda mai sayar da shadda ke ware wa kansa. Baffa na gefensa, fuska ba walwala. Kawu Inuwa na ɗaya kujerar, ya gyara zaman tabarau. Labulen ƙofar da ke shiga cikin gida yana ɗan motsi, alhali babu iska. Na cire takalmi na durƙusa na gaishe su, na nemi gefen darduma na zauna.

Kawu ya fara da yabo, wanda ya ƙara tayar mini da hankali. Ya ce ya je masallacin unguwarmu, shaida mai kyau. Ya je ofis, shaida mai kyau. Mai gidan da nake haya ya ce ba ni da hayaniya. “Sai dai,” in ji Kawu, ya ɗan tsaya don maganar ta zauna, “ya ce kusan kullum ƙamshin jan farce na fitowa ta tagarsa, kuma ɗakin a kulle. Matar maƙwabcinsa ta ce in ya zubar da shara, auduga ce jage-jage da baƙi da ja. Ita ce kuma ta ce ta sha ganinsa a shagon kayan kwalliyar mata. Ban yarda da ji-ta-ji-ta ba, na taka da ƙafata na je.”

Daga nan ya kawo maganar Mama Ngozi, har da kwaikwayon muryarta: “Ah, Baba, wannan yaro kwastoma na ne! Shi ya san kala ya fi mata. Zai sa a hannu, zai fita rana, zai duba da kyau. Na tambaya shi na madam ne, ya ce babu madam, nasa ne.” (Baiwar Allah, ita a ganinta shaidar arziki ta ba ni. Daga baya ta gaya mini har cewa ta yi ba na neman ragi.)

Baffa ya juyo ya dube ni, irin kallon da rabona da shi tun ina ɗan sakandare, ya ce, “Tambaya ɗaya zan yi maka, ka ji tsoron Allah ka ba ni amsa. Kwallin nan da hodar nan, wata kake kai wa ɗaki, ko kai kake shafawa?”

Ku duba hanyoyi biyun da aka shimfiɗa mini. In na bi ta farko, na rasa Sakina. In na bi ta biyu, na rasa Sakina, na haɗa da Baffa. Ga kuma gaskiya a hannuna, wadda na yi wata da watanni ina ɓoyewa don kunya, yanzu ta zama ita ce mafi sauƙi a cikin ukun. Na sunkuyar da kai na ce, “Jirgi nake shafa wa.”

Baffa ya ce, “Me?”

Na ce, “Jirgin sama, Baffa.”

Ya ce, “Filin jirgi aka mayar da kai aiki ban sani ba?”

Na shiga bayani, ina yi ina sarƙewa, roba, gam, fenti, tsatsa, hayaƙi. Ina kallon fuskar Kawu Inuwa, na ga ya gama yanke cewa ban da lalata har da ƙarya, kuma ƙaryar ma ban iya ba. Alhaji ne ya ɗaga hannu. Ya ce, “Abin yana ɗakinka yanzu?” Na ce yana nan, Baba. Ya ce, “Je ka ɗauko. Da shi da kayan shafar, kada ka bar komai. Muna nan.”

Ban taɓa sanin Gwallaga da Gwallameji suna da nisa haka ba. Na ɗauki keke mai ƙafa uku shata, zuwa da dawowa. A ɗaki na tsaya ina kallon jiragen da ke jere a kan kanta, na rasa wanda zan kai gaban shari'a. Na ɗauki wanda nake kan aikinsa, wani jirgin yaƙi na zamanin da mai farfela ɗaya a hanci, kore da ruwan ƙasa. Gefensa na dama fes yake, ban taɓa shi ba tun da fenti ya bushe. Gefen hagu kuwa na riga na yi masa tsatsa da ɓarewar fenti, hayaƙin salansa kaɗai ya rage. Na kwantar da shi a kwali a kan tawul, na tattara kayan Mama Ngozi a leda. A hanya duk ramin da muka faɗa sai in ɗaga kwalin sama da hannu biyu. Mai keke ya dube ni ta madubi ya ce, “Malam, ƙwai ne?” Na ce masa ya dai bi a hankali.

Da na dawo na tarar babu wanda ya motsa daga inda yake, sai dai labulen nan ya ƙara kumbura. Na durƙusa na juye ledar a kan darduma. Ban san yawan kayan ba sai da na gan su a gaban dattawa. Hoda gida-gida, jagira, soso, burushi manya da ƙanana, kwalbar ruwan goge farce. Tandun kwalli ya gangara ya je ya tsaya a jikin ƙafar Kawu Inuwa, ya janye ƙafar kamar kunama ce. Sannan na buɗe kwali na fito da jirgin.

Alhaji ya leƙo ya ce, “Yana tashi?”

“A'a, Baba.”

“Sayarwa kake yi?”

“A'a, Baba.”

“To me ake yi da shi?”

Na ce, “Kallonsa ake yi.” Baffa ya rufe ido ya yi salati a hankali.

Kawu dai bai saki ba. Ya ce kowa na iya sayen abin wasan yara ya ajiye don irin wannan rana. In da gaske ne, in yi a gani. Alhaji ya ce haka ne, in matso kusa da taga inda haske yake. Na ja gwiwa na matsa har gaban ƙafafunsa, na ɗauki ƙaramin burushi, na dangwali kwalli.

To a nan ne halina ya ci amanata. Ni in na kama burushi, duniya ɓacewa take yi. Kafin shafa ta biyar na manta a inda nake. Na fara jan baƙin daga bakin salansa zuwa baya, mai kauri a farko, yana sirancewa har ya ɓace a jikin kore. Na ji bakina yana bayani ba tare da na ba shi izini ba. “Kun ga, Baba, ba a danna shi, shafa ake yi sama-sama. In ya yi yawa ya zama datti, in ya yi kaɗan ba a gani. Sai a ɗan bi ta tsakiya da toka-toka, don hayaƙi mai zafi fari-fari yake barin wuri.” Na ɗaga jirgin daidai bakina na hure ragowar garin, fuuu, kamar yadda nake yi kullum a ɗakina. Na ƙara shafawa, na ƙara hurewa. Wallahi hayaƙin ya fito da kyau, ban taɓa yin wanda ya kai shi ba.

Kawu Inuwa, wanda ya matso da kujerarsa ba tare da ya sani ba, ya nuna da yatsa ya ce, “To me ya sa ka lanƙwasa shi ya bi ta saman fiffike? Hayaƙi ai miƙewa yake yi.”

Da ma bai tambaya ba. Shekara da shekaru ina jiran wani ɗan Adam ya yi mini tambaya irin wannan. Na ce, “Yauwa, Kawu! Iska ce ke kwasarsa. Kun ga in farfela ta fara juyawa,” na kaɗa ta da ɗan yatsa, “sai ya taho da gudu haka,” na gangara da shi a kan darduma, “sai ya ɗaga.” Na ɗaga shi sama. Kuma jama'a, ban san lokacin da sautin ya fito ba. “Buuuuuu!” Na miƙe a kan gwiwoyina, na karkata shi hagu don su ga yadda iska ke bin fiffike, “wuuuuuu,” na zagaya da shi ta saman hular Baffa, na dawo da shi ta gaban tabaraun Kawu, na sauke shi a hannun kujerar Alhaji, har da ƙarar taya, “ƙiiii.”

Sai na ji shirun. Irin shirun da ke biyo bayan faɗuwar tire a gidan biki. Na dubi hannuna a kan kujerar surukina, riƙe da jirgin roba. Na dubi Baffa, bakinsa a buɗe. Sannan idona ya sauka a kan cinyar Alhaji. Duk hurewar nan da nake yi, a kan farar shaddarsa take sauka. Gaban rigar ya yi ɗigo-ɗigo da baƙi tun daga aljihu har gwiwa.

Da na tsaya a nan ma da sauƙi. Sai na ce, “Innalillahi, Baba, yi haƙuri,” na kai hannu na goge. Duk macen da ke karanta wannan ta san abin da kwalli ke yi in an goge shi. Ɗigo-ɗigo ya zama zane, dogo, mai kauri a farko yana sirancewa a ƙarshe. Na so ƙasa ta buɗe in shige, in ja dardumar in rufa.

Daga bayan labule wata dariya ta kufce, irin wadda aka daɗe ana dannewa da mayafi. Na san dariyar. Ta Sakina ce, wadda rabona da ji tun kafin Kawu ya fara yawonsa. Ina tsakiyar kunyar da ban taɓa ji ba a rayuwata, amma jin wannan dariya sai wani abu mai nauyi ya sauka daga ƙirjina. Aka ji muryar mahaifiyarta tana cewa “ke, ke,” ita ma muryar na rawa, sai ƙarar takalma suka yi cikin gida.

Alhaji ya dubi rigarsa, ya dube ni. Kafaɗunsa ne suka fara motsi kafin fuskarsa. Ya yi ta dariya har ya cire hula ya share hawaye da ita. Baffa ya sauke wata doguwar ajiyar zuciya ya ce, “Alhamdu lillahi. Alhaji, ka dai gani da idonka. Ba lalata ba ce, wauta ce. Ita kuwa gadonta ya yi, ubansa da furfurarsa yake hawa katanga yana kiran tattabaru.” Kawu Inuwa ne kaɗai ya ɗan ji haushi, binciken da ya sha rana a kansa ya ƙare a jirgin roba. Ya ce shi dai aikinsa ya yi. Alhaji ya ce ya yi kuwa, Allah ya saka da alheri.

Sannan Alhaji ya miƙo hannu na ba shi jirgin. Ya juya gefen dama, fes, yana ƙyalli. Ya juya gefen hagu, tsatsa da hayaƙi da ɓararren fenti. Ya daɗe yana kallo. Ya ce, “Wato sabo ka saya. Ka yi masa fenti ya yi kyau. Sannan ka zauna da hannunka ka tsufar da shi.”

Na ce, “Haka ne, Baba.”

Ya daina dariya. Ya juyo mini da gefen dama ya ce, “To saurara, ɗana. Ni 'yata sabuwa zan ba ka. Duk ranar da ta zo gidan nan gaishe ni, wannan gefen nake so in gani.” Na ce in sha Allahu, Baba, kuma har cikin raina na faɗa. Ya dubi Baffa ya ce su zo ranar da ta yi musu a sa rana. Jirgin kuwa bai miƙo mini ba. Ya tashi ya ɗora shi a saman kabad ɗin falon, ya ce ya karɓa a madadin rigarsa.

Da zan fita Sakina ta tare ni a zaure, idanunta jajur, ban san na kukan kwanakin baya ne ko na dariyar yau ba. Ta ce, “Me ya hana ka gaya mini?” Na tuna mata maganar mijin ƙawarta, da “babba da shi kamar wani yaro”. Ta ce, “Ai kamar yaron ne, ban janye ba. Amma ka bar ni ina ta kuka a kan wata mace, ashe mai farfela ce.” Ta juya za ta shiga gida, ta waiwayo ta ce, “Buuuu,” ta ruga.

Yau muna da yara biyu. Jiragena na da kabad ɗinsu a falo, da makulli, kuma yanzu Sakina ce ke zuwa wajen Mama Ngozi, ta sayo nata ta sayo nawa, ni in jira a mota kamar mutumin kirki. A dangin matata kuwa sunana ya ɓace. Ko a wurin ɗaurin aure na haɗu da Kawu Inuwa sai ya ɗaga murya ya ce, “Direban jirgi, an sauka lafiya?”

Wancan jirgi yana nan a saman kabad ɗin Alhaji, gefen dama na kallon falo. Sau ɗaya tak na ga ya canza. Bayan haihuwar ɗanmu na biyu ne, aiki ya yi mini yawa a ofis, na bar wa Sakina komai, ga goyo ga makaranta ga gida, ban ko lura ba. Muka je gaisuwa, ta rame, idanunta sun faɗa. Alhaji ya amsa gaisuwarmu lafiya lau, ya tambayi yara, ya tambayi aiki. Can ya tashi kamar mai neman wani abu, ya je gaban kabad, ya juya jirgin, gefen tsatsa da hayaƙi ya fuskance ni. Ya dawo ya zauna ya ci gaba da hira. A ranar na koyi wanke kwanuka da saɓa yaro a kafaɗa.

Abin da na koya dai shi ne, ƙaramar wautarka ka faɗe ta da bakinka tun da wuri, don in ka bar wa masu bincike su cike gurbin, da babba za su cike. Sai kuma kada ka hure kwalli a kusa da farar shadda. Har gobe in muka je Gwallaga, kafin in gaida kowa sai na saci kallon saman kabad. Ranar Juma'ar da ta wuce ma na duba. Gefen dama ne.